Guntayen Fata a Bakin Ƙofa

Ni ba a gidan dukanci aka haife ni ba. Ɗan ayari ne ni, jikan 'yan ayari, kuma har na doshi shekara talatin ban taɓa riƙe basilla ba sai in salka ta huje a hanya. Aikinmu mu ɗauki gero daga Damargu mu kai Agadas, mu dawo da gishiri da dabino. In ka tambaye ni launi a lokacin, na raƙumi zan lissafa maka: fari, ja, da mai ruwan toka. Sauran duk kwalliyar mata ce a ganina.

Sai raƙuman suka ƙare. Wasu Nasara suka karɓa don jigilar kayan soja, ba su dawo ba, sauran kuma ciwo ya kwashe su a rani guda. A lissafin Nasara wannan cikin alif ɗari tara da ashirin da 'yan kai ne, lokacin da aka fara labarin mota a hanyar Agadas. Na wayi gari da akala a hannu, ba abin ja.

A ƙarshen kakar wannan shekarar surukina ya rasu a Falanko. Baduku ne sananne, Buzaye da Fulani har daga nesa suke zuwa wurinsa neman jakar raƙumi da matashi da zabira. Bai bar ɗa namiji ba. 'Ya'yansa da suka rayu mata biyu ne, babbar tana aure can kudu, sai autar, ita ce matata. Muka taso daga Tanut muka zo gaisuwa, muka kuma zauna, don gaskiya ba mu da abin da za mu koma mu tarar. Namiji da gemunsa a zaune gidan surukai, yana cin tuwon gonar mamaci, wannan abu ya ci mini rai ƙwarai, har na zama mai faɗa da kaji.

Marigayin yana da ƙane a Damagaram, shi ma baduku, gajere, mai kaifin harshe. Bayan sadakar arba'in ya kira ni zaure, ya ce mini:

"Kayan aikin yayana gadona ne, amma ba ni ɗaukar su yau, kar a ce dama jira nake. Zan dawo kafin ruwa ya faɗi. Ran nan in tafi da kayan, in tafi da matar yayana. Ita ko 'yarmu, in na tarar mijinta na da abin ciyar da ita, madalla. In ban tarar ba, alƙali na nan, bai mutu ba."

Na tashi na fita, don in na buɗe baki ba alheri zai fito ba. Amma na ji maganar sarai. Rani guda gare ni, ko in zama baduku, ko in rasa matata. Kuma ina son ta, ba na ɓoyewa.

Matsalar ita ce, ilimin da nake bukata yana wurin mutum ɗaya tak, kuma ita ce mutumin da ba ta iya yi mini magana. Surukina yanka da ɗinki yake yi. Rina fata kuwa da zaɓen wane launi zai zauna kusa da wane, duk matarsa ce, a can bayan gida inda tukwanenta suke, zana ta kare su. Tun da na auri 'yarta ban taɓa ganin fuskarta da kyau ba. In muka haɗu a hanya sai ta ja lulluɓi ta ratse, ni kuma in tuɓe takalmi in durƙusa in gaishe ta ina kallon wani gefe, ta amsa kamar da iska take. Ba ta cin abinci inda nake, ba ta kiran sunana. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce ta surukuta, kuma a Damargu ta wancan zamani tsohuwa ba ta da suturar da ta fi wannan.

Girman kai rawanin tsiya. Na ce me ke cikin dukanci da zai gagari wanda ya ratsa sahara? Na ɗauko wuƙa da basilla da ragowar rinannun fatun da marigayi ya bari, na ɗinka zabira. Duk launin da na samu sai da na sa mata, don kar wani ya ji an bar shi. Ran kasuwa wani Buzu ya ɗauka, ya juya ta, ya sake juyawa, ya tambaye ni cikin Hausarsa ko yara ne suka yi wasa da ita. Na fizge abata na dawo gida ban ko sayi taba ba.

Washegari da na fito, sai na ga abu a bakin ƙofar ɗakinmu. Guntayen jar fata biyu, ɗaya an ɗora shi a kan baƙar fata, ɗaya a kan fara, an danne su da tsakuwa. Wa ke ajiye ja da baƙi da fari a ƙofar mutum in ba mai sammu ba? Na sa tsinke na kwashe su, na kai bayan danga na binne, na wanke hannu na tofa addu'a. Kashegari ga wasu kuma, wannan karo har da rawaya da ruwan goro. Su ma na binne. Zuciyata ta gama yanke hukunci: tsohuwa ta haɗa baki da ƙanen mijinta, tana so in bar gidan da ƙafata.

Bayan 'yan kwanaki sai na tarar an shanya jar fata guda, ja wur, a kan dangar da ke fuskantar inda nake zama, a gefenta kuma farin zane. Na zauna na ƙura wa fatar nan ido cikin rana, ina harararta kamar ita ce ƙanen surukina. Da na gaji na kawar da kai zuwa farin zanen, sai na ga fatar a kansa, da siffarta da komai, amma tsanwa, kamar ganyen gero da damina. Na murza ido, tana nan tana yawo. Na tashi ban ko sa takalmi ba, na sami matata tana daka.

"In Innarki so take in tafi, ta aiko ki ki faɗa mini. Ba sai an taɓa mini ido ba."

Ta tsaya da taɓarya a hannu, ta sa na ba ta labari tun daga farko. Da na kai wurin binnewa sai ta saki taɓaryar, ta zauna a bakin turmi tana dariya har da hawaye. Ni kuwa ina tsaye ina huci.

"Haba maigida," ta ce, "karatu fa ake maka. Ni ma haka ta yi mini ina ƙarama. Kowa ya daɗe yana kallon ja, tsanwa zai gani. Inna ta ce ja da tsanwa miji da mata ne, in ɗaya ya daɗe shi kaɗai, ido da kanshi yake nemo mishi ɗayan. Je ka gwada da rawaya ka ga wa za ta kira."

Sai muryar tsohuwa ta fito daga bayan zana, a hankali, kamar ba da kowa take ba.

"Auta, ki gaya wa manoman gidan nan, fatar akuya ba ta tsiro. A daina shuka mini ita."

Ashe duk tana gani. Na rasa inda zan sa kaina. Na je na tono guntayen, na karkaɗe musu ƙasa, na jera su yadda na same su.

Daga ran nan aka buɗe mini makaranta irin wadda ban taɓa jin labarinta ba. Da hantsi in zauna na ba zana baya, matata ta zauna a bakin ƙofar zanar, tsohuwa tana ciki tana aikinta tana magana da Auta. Ba ta taɓa cewa “kai” ba. Kullum “a gaya wa wani”, ko “mai son sani ya duba”.

Abin da ta fara da shi, ta ce launi uwaye uku gare shi. Akwai ja, wanda take samu daga karan dafi, a daka a jiƙa da ruwan kanwa. Akwai rawaya, daga saiwar gangamau da fatake ke kawowa daga Kano. Akwai shuɗi, daga shuni. Waɗannan ba wanda ya haife su, su ke haihuwa. Matata ta miƙo mini ƙoƙuna uku da guntayen farar fata, aka ce in shafa rawaya, in ta bushe in bi ta da shuɗi. Na yi, tsanwa ta fito a hannuna. Ja a kan rawaya ya ba ni ruwan goro. Ja da shuɗi suka ba ni wani mai duhu kamar 'ya'yan ɗinya da suka fara nuna. Na zauna ina kallon tafin hannuna kamar yaro, ni da gemuna. Baƙi da fari kuwa, ta ce su ba uwaye ba ne ba 'ya'ya ba, dattawan unguwa ne, aikinsu raba faɗa.

Da ma ni mai gaggawa ne. Na ce tun da biyu suna haifar mai kyau, in aka haɗa ukun ai sarkin launi zai fito. Ban tambayi kowa ba, na juye su a ƙwarya ɗaya na shafe fata sukutum da su, fata mai kyau wadda aka sha wahalar jemewa da bagaruwa. Abin da ya fito ba shi da suna, sai dai ka ce tabon bakin tafki. Matata ta shiga da ita ciki. Na zauna ina jiran faɗa.

"Auta, wani ya dama mana laka, ko gini za a yi?"

Iyakar abin da ta ce ke nan. Bayan kwana biyu fatar ta dawo mini baƙa ƙirin, ta rine ta da kuloko, wato baƙin da take haɗawa da kashin maƙera. Da ita na yi bakin jakunkuna duk ranin nan, ba ta tafi a banza ba.

Sai muka koma kan guntayen da na binne. Na duba su da kyau. Jan da ke kan baƙi yana ci kamar garwashi. Na kan fari ya yi duhu kamar hanta. Wanda ta ɗora a kan ruwan goro kuwa ya mutu, ba ka ma cewa ja ne. Na rantse wa matata jajaye uku ne daban. Ta kwashe su ta haɗa bakin yankan, suka zauna cif, daga fata ɗaya aka yanko su. Ta ce, "Ka gani? Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai." Tsohuwa ta ƙara daga ciki cewa launi ba ya da kyau ko muni shi kaɗai, maƙwabcinsa ne ke ɗaga shi ko ya kashe shi. Ta ce ja da rawaya masu zafi ne, su ke fara tarbar ido, shuɗi da tsanwa masu sanyi ne, baya suke ja. In ka cika abu da masu zafi ya zama hayaniya, in ka cika shi da masu sanyi ya yi barci. A nan na gane abin da ya sami zabirata, kowa a cikinta magana yake, ba mai saurare.

Da sanyi ya wuce na ɗinka jaka ta biyu, ja da tsanwa kawai, miji da mata. A hannu ta yi kyau, har na fara jin kaina. Matata ta kai ta ciki.

"Auta, rataya ta a aduwar bakin gona. A ce wa mai ita ya je rijiya ya waiwayo."

Na tafi ina gunaguni. Da na isa rijiya na juyo, ba ja ba tsanwa, sai wani dunƙule mai ruwan ƙasa yana lilo a reshe. Amma wannan karo ba sai an yi mini bayani ba. Duk ɗan ayari ya san daga nesa ba ka ganin launin rigar mutum, haske da duhu kake gani. Farin amalen raƙumi a gindin baƙin dutse tun hantsi kake hango shi, ja kuwa sai ka zo kansa. Jana da tsanwata nauyinsu ɗaya, shi ya sa nisa ya dama su. Na dawo da sauri, na tsaya kusa da zana na ɗaga murya, wai da matata nake.

"Fari za a ratsa a tsakaninsu. Kuma ba siriri irin na matashi ba. Matashi a ɗaki ake kallon shi, jakar raƙumi kuwa daga wancan tudun. A faɗaɗa farin, a bi gefenshi da baƙi."

Nan take na fara tunanin na yi rashin kunya, don marigayi siririn fari yake sawa.

"Auta," ta ce, "ashe raƙumi ma na koyar da karatu."

Tun da dabbobina suka mutu ba wanda ya nuna mini cewa shekarun da na yi a hanya suna da sauran amfani sai ran nan. Na koma ɗaki na zauna, daɗi ya hana ni cin abinci.

Da bazara na gama babbar jakar raƙumi mai geza da tuntaye. Wani makiyayi daga wajen Ollelewa ya hango ta tun daga bakin kasuwa, ya ratso mutane ya zo, ya bar mini akuya mai nono da ɗanta. Wasu suka biyo shi da fatunsu. Tuwon gidan ya fara zama nawa. Sai dai akwai abin da na sani ban faɗa wa kowa ba: ɗinkina bai da kyau. Hannun da ya saba da igiya da ɗaurin kaya bai san sirara ba, kuma wannan ba abin da tsohuwa za ta koya mini ta bayan zana ba ne, ita ma ba aikinta ba ne.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas sai ga ƙanen marigayi da jakai biyu. Ya huta, ya sha fura, ya ce a kawo masa abin da nake yi. Muka zauna a zaure, ni da shi da matata, tsohuwa tana tsaye bayan ƙofar cikin gida. Ya karɓi jakar da ke hannuna, bai ko tsaya kan adon ba, ya juya cikinta waje. Ya bi ɗinkin da farce.

"Wannan ɗinki ne ko sawun ƙadangare?"

Ya sa yatsa biyu ya ja, bakin ya buɗe. Jinina ya tafasa, amma gaskiya ya faɗa.

"Launin ya yi," ya ce, "amma na san mai shi, na matar yayana ne. Ɗinkin ne naka. In na tafi da ita, mi ya rage maka?"

"Baba, wallahi shi ya zaɓa da kanshi," in ji matata.

"Ke yi shiru. Wace mace ce ba ta faɗin haka?"

Ya ce a ɗauko kayan aikin a ɗaure. Tsohuwa ta yi magana daga bayan ƙofa, da yake shi ƙanen miji ne, akwai wasa tsakaninsu.

"Kai dai tun kana yaro gaggawa gare ka. Ka bari furar ta sauka mana."

"Yaya, ba wasa na zo ba," ya ce, kuma muryarsa ta yi laushi. "Ba mugunta nake ba. Ba ki da ɗa a gidan nan da zai riƙe kayan nan ya riƙe ki. Da akwai, da ban wahal da jakaina ba."

Sai na ji motsin takalmi, na ga inuwa ta shigo zauren. Na sunkuyar da kai na juya gefe yadda na saba, ina jiran ta wuce. Ba ta wuce ba. Ƙafafunta suka tsaya daidai gabana, dole na ɗaga ido. Ta sauke lulluɓinta a kafaɗa. 'Yar ƙaramar mace ce ashe, hannayenta sun rine har wuyan hannu, idonta na hagu ya fara yin fari. Ta dube ni cikin ido.

"Ɗana, tashi ka duba mini tukunyar ja. Tun safe na jiƙa karan dafin, ka ga ko ya nuna. Ni idona ya fara gajiya."

Matata ta rufe baki da hannu. Ƙanen marigayi ya kalli ƙasa. Dukanmu mun san abin da ta yi. Surukar da ta tsaya gaban mijin 'yarta ba lulluɓi ta yi masa magana, kafin la'asar labarinta ya kai rijiya, kuma mata ba za su manta ba. Kunyar da ta tsare shekara da shekaru ta ajiye ta a tsakar zaure saboda ni.

Na tashi. Na ratsa gida na shiga bayan zanar nan da ban taɓa ƙetarewa ba. Na durƙusa gaban tukunya, da farko ban ga komai ba don hawaye. Na share ido, na tsoma guntun farar fata, na ɗaga shi a rana. Na dawo zaure na durƙusa.

"Inna, da saura kaɗan. Yana son ƙarin kanwa."

"Haka ne," ta ce. Ta ja lulluɓinta ta koma ciki.

Ƙanen marigayi ya daɗe yana juya jakar a hannu. Can ya ce, "To, tunda an yi ɗa ban sani ba, ai ba a bar shi da wannan ɗinkin ya kunyata mu." Ya sa aka sauke wa jakai kaya. Ya zauna da mu har aka yi shuka, kullum yana kaina, yana farke abin da na ɗinka yana zagin yatsuna. Allah ya jiƙansa, duk ɗinkin da na ci abinci da shi har tsufana nasa ne. Ya koma Damagaram da jakansa ba kaya, sai ɗan gero da muka ɗora masa.

Ita kuwa, na kwana ina shirya kalmomin godiya. Washegarin ranar zauren muka haɗu a hanyar rumbu, na buɗe baki, sai ta ja lulluɓi ta ratse kamar yadda ta saba. Ta yi shekaru tare da mu bayan haka, ta ga jikokinta, a hannun matata ta cika, amma ba ta sake duban fuskata ba, ba ta sake cewa “ɗana” ba. Na ci, na sha, na aurar da 'ya'ya da abin da matar nan ta zuba mini a ido, kuma har yau ba na sallah ban sa ta a addu'a ba.

Ran da ta ratse mini a hanyar rumbun nan, da na ga ba hanya, da hantsi na je na zauna a wurina, na ba zana baya, na ce wa matata da ƙarfi ta gaya wa Inna na gode, Allah ya saka mata da Aljanna. Motsin muciya ya tsaya a ciki na ɗan lokaci, sannan ya ci gaba.

"Auta, ki ce mishi shunin ya kusa ƙarewa. In ya je kasuwa ya duba mana mai kyau."